Dodon Koɗi Da Gigin Tsufa

Labarin nan ya sake zagayowa wayoyin mutanen Bauchi, wai Turawa sun zuƙe tunanin dodon koɗi sun ɗura wa wani, saura ɗan Adam. Wasu na dariya, wasu na salati. Abin bai kai nan ba.

A 2018 ne David Glanzman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya riƙa ɗana wa wani dodon koɗin teku, Aplysia, lantarki kaɗan a wutsiya, har ya koyi ƙanƙame jiki na kusan daƙiƙa 50. Da aka ɗebi sinadarin RNA daga jijiyoyinsa aka yi wa wanda bai taɓa shan lantarkin ba allura, shi ma ya ƙanƙame na kusan daƙiƙa 40. Firgita ce ta ƙaura, babu wanda ya kwashe hadda.

Ƙwayoyin jijiyar wannan halitta kusan 20,000 ne, manya-manya, namu kuwa biliyan 86. A kanta Eric Kandel ya yi aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. Na kududdufi kuma, Lymnaea, cikin shekara ɗaya zuwa biyu yake tsufa, kuma an ga tsohonsa yana koyon abu amma ba ya daɗewa yana riƙe da shi.

Damuwata tana gida. Tsohuwa za ta ci tuwo ta rantse ba a ba ta ba, ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni, ta ɗauki ƙunshin kaya da la'asar wai za ta gidansu. Sai a ce "tsufa ne kawai", ko a ce aljanu, a kulle ta a ɗaki. Wata ma har maita ake jingina mata. Alhali cuta ce da Alois Alzheimer ya bayyana irinta tun 1906.

A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe, ana nazarin cutar mantuwa a kan mutanenmu. Mu fa? Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga asibitin koyarwarta, ga dam ɗin Gubi, ga kududdufai cike da dodon koɗin da tsargiya kawai muka san shi da ita. Kiwonsa bai kai na ɓeran gwaji tsada ba.

Hukumomin jami'a da gwamnatin jiha su ware kuɗin binciken mantuwa a kan dodon koɗi. Mai tsoho a gida kuma, in mantuwa ta yi yawa, a kai shi asibiti.