Tsohuwar manhaja a sabuwar kwamfuta: yadda ake saukar da ita baƙunci

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na kimiyya da fasaha, mun rubuta shi domin wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma yana son ya riƙe takarda a hannu idan zai je wurin mai gyara.

Tambayar ta fito ne daga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa mazauna Abijan ta ƙasar Kodebuwa, musamman na Adjamé da Treichville, kuma mun san akwai masu irinta a Maraɗi da Kano. Mutum yana da tsohuwar kwamfuta a shago, shekara da shekaru tana yi masa aiki. A cikinta manhajar lissafinsa take, irin su Ciel Compta ko tsohuwar Sage, da sunayen masu bashi, da adadin kayan da ke sito. Wani kuma mai ɗab'i ne, duk aikinsa yana cikin PageMaker ko tsohuwar CorelDRAW. Wani tela ne mai injin surfani, manhajar injin ba ta san kowa ba sai Windows XP. Rana ɗaya kwamfutar ta ƙi tashi. Ya shiga Black Market ta Adjamé ya sayo wata mai Windows 11, ko sabuwa ko 'yar "France au revoir". Ya saka tsohon faifansa, manhajar ta ce ba ta san zancen ba. To, ina mafita?

Me ya sa take ƙin aiki?

Ka ga, Windows XP ta fito tun 2001, Windows 7 a 2009, Windows 11 kuwa a 2021. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe shekara 20 ke nan, kuma ginin cikinsu ya canja. Tsofaffin manhajojin zamanin DOS da Windows 3.1 an rubuta su a tsarin da ake kira bit 16. Windows 11 kuwa ta bit 64 ce kawai, kuma Windows mai bit 64 ba ta tafiyar da manhajar bit 16 sam. Wani abin haushi, akwai manhajojin da su kansu na bit 32 ne, da za su iya aiki, amma ɗan shirin da ke girka su na bit 16 ne, sai a maƙale tun daga bakin ƙofa.

Matsala ta biyu ita ce direba, wanda masu Faransanci ke kira pilote, wato ɗan shirin da ke sada kwamfuta da firinta ko sikana ko injin yanka sitika. Direban da aka yi wa XP ba ya shiga Windows mai bit 64, kuma kamfanoni da yawa ba su sake yi wa tsofaffin injunansu sabo ba.

Kafin ka kashe ko dala, gwada abu mai sauƙi tukuna. Danna manhajar da maɓallin dama na linzami, ka shiga Propriétés, sannan Compatibilité, ka zaɓi tsohuwar Windows ɗin da ta saba da ita. Wasu manhajojin da wannan kaɗai suke warkewa. In abin ya ƙi, sai mu zo kan maganar yau.

Mai masauki da baƙo

Masu gyara a Adjamé suna ce mata machine virtuelle. Mu a shirin mun kira ta kwamfutar cikin kwamfuta. Wata manhaja ce kake girkawa a sabuwar kwamfutarka, ita kuma sai ta yanki wani ɓangare na ƙarfin na'urar, ta ƙera wata kwamfuta ta ƙarya da shi: da nata faifan ajiya, da nata ram, da nata allo. A cikin wannan ta ƙaryar kake girka Windows XP ko Windows 7, sannan ka zuba tsohuwar manhajarka. Tana buɗewa cikin taga ɗaya a kan allonka, tsohuwar Windows ɗin kuma tana zaton a kan kwamfuta ta gaske take zaune.

Masana da kansu suna kiran babbar kwamfutar mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. Ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a zango ya riga ya fahimci tsarin. Mai gida ne ke ba baƙo ɗaki da ruwa, shi ne ke sada shi da kasuwa, baƙo kuma ba ya taɓa komai a gidan sai abin da aka miƙa masa. Haka nan abin yake. Baƙuwar ba ta ganin fayilolinka, ba ta ganin firinta, sai abin da kai ka buɗe mata.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fara ta a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960, ya fito da VM/370 a 1972. VMware ne ya kawo ta kan kwamfutar tebur a 1999. Daga 2005 da 2006 kamfanonin Intel da AMD suka fara gina taimakon wannan aiki a cikin furosesa kanta, shi ya sa yau ko kwamfutar hannu ta gwanjo takan iya.

Manhajojin da aka fi amfani da su guda uku ne. VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus ya fara, yanzu tana hannun Oracle, kyauta ce kuma tana da Faransanci. VMware Workstation Pro, da can ta kuɗi ce, amma tun 2024 an mayar da ita kyauta. Sai Hyper-V, wadda ke zuwa cikin Windows nau'in Pro, sai dai ba ta da daɗin sha'ani da XP da kayan USB kamar biyun farko. In kuwa manhajar taka ta zamanin DOS ce, DOSBox ta fi sauƙi.

Abin da za ka tanada

Da farko duba ram. Windows 11 ita kaɗai tana neman giga 4 a ƙalla, saboda haka ka nemi kwamfuta mai giga 8 domin mai gida da baƙuwa su wadata. XP ba ta da ci: giga 1 na ram da giga 20 na faifai sun ishe ta har da saura. Windows 7 ka ba ta giga 2.

Na biyu, a shiga BIOS a kunna abin da ake kira VT-x a kwamfutar Intel, ko AMD-V, wani lokaci an rubuta SVM, a ta AMD. Sau da yawa yana zuwa a kashe. Tun a wurin saye ka ce wa mai shagon ya nuna maka yana nan, kada ka kai gida ka dawo.

Na uku, faifan girka tsohuwar Windows da lasisinta, da faifan manhajar taka da lambarta. A nan fa a yi hattara. Lasisin Windows da ya zo manne a jikin tsohuwar kwamfuta, a ƙa'idar Microsoft na wannan kwamfutar ne ita kaɗai. Kuma Windows ɗin da ake saukowa da ita daga shafukan da ba a san mai su ba, sau da yawa da cutarta take zuwa.

In faifan girkawa ya ɓace amma tsohuwar kwamfutar tana numfashi, akwai hanya. Microsoft na da ƙaramar manhaja kyauta, Disk2vhd, wadda ke kwafe faifan ajiya ɗungurungum ta mayar da shi fayil guda. Wannan aikin ƙwararre ne, domin Windows ɗin da aka ciro takan yi gardama a sabon wuri. Amma a yi shi tun kwamfutar na da rai. Ko da ta mutu ma kada ka yar da ita, sau da yawa faifan ajiyar cikinta lafiyarsa lau.

Bayan an girka, a saka ƙarin da VirtualBox ke kira Additions invité. Shi ne ke gyara girman allo, ya kuma ba ka damar buɗe jaka ɗaya wadda mai gida da baƙuwa za su riƙa miƙa wa juna fayil ta cikinta. Firinta, ko makullin manhaja na USB da ake kira dongul, ko filashi wanda a Abijan da Nijar ake ce wa kile, duk ana iya miƙa su ga baƙuwar kai tsaye, ita ce za ta yi amfani da tsohon direbanta.

Inda haɗarin yake

Yauwa, nan ne muke son ka buɗe kunne. Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro a XP tun 8 ga Afrilun 2014, a Windows 7 kuma tun 14 ga Janairun 2020. Zama cikin sabuwar kwamfuta bai warkar da su ba. A watan Mayun 2017 cutar kwamfutar nan WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da ta tsayar wa da aiki. Ta wata ɓaraka a Windows ɗin da ba a sabunta ba ta riƙa shiga.

Saboda haka ka kashe wa baƙuwar intanet ɗungum. A cikin saitin VirtualBox, ɓangaren Réseau, a cire alamar katin sadarwa. Manhajar lissafi da ta surfani yawancinsu ba sa bukatar intanet. Saƙon imel, da harkar banki, da WhatsApp, duk ka yi su a sabuwar Windows. Kuma filashin da ya zaga shaguna kada ya shiga baƙuwar sai rigakafin mai gida ya duba shi.

Sai maganar ajiya. Duk baƙuwar, da Windows ɗinta da lissafinka na shekara goma, fayil ne ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan a faifanka. Daɗin abin, kana iya fitar da ita a fayil guda mai suna OVA, ka sa a aljihu, ka hau mota daga Adjamé ka buɗe ta a Maraɗi ko Damagaram kamar ba ka motsa ba. Sharrinsa kuma, in fayil ɗin ya lalace komai ya tafi tare, in ya faɗa hannun wani kuma ya ga sirrin kasuwarka duka. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na iya ɓata shi, don haka kwamfutar tebur tana son onduleur, wato UPS a bakin 'yan Najeriya.

Akwai abin da ake kira instantané, wato hoton halin da baƙuwar ke ciki, wanda za ka koma masa in wani abu ya ɓaci. Yana da amfani kafin a girka sabon abu, amma a faifai ɗaya yake kwana da ita, in faifan ya mutu tare suke tafiya. Kwafi na gaske shi ne wanda ke wani faifan daban, a wani ɗakin daban. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa ke cika mahaɗar Indénié a watan Yuni ba sai an yi masa dogon bayani ba: kwafi ɗaya a shago, ɗaya a gida, kuma a sabunta shi duk mako.

Abin da ba za ta yi maka ba

In injinka da kati yake haɗuwa a cikin cikin kwamfutar, ko dongul ɗinsa na tsohuwar kafar firinta ce mai faɗi, da wuya baƙuwa ta gan shi. Wayar da ke mayar da wannan kafa USB firinta kawai takan yi wa aiki. A nan gara ka nemi tsohuwar kwamfuta mai lafiya ka keɓe ta ga injin, ba intanet. Haka kuma kwamfutocin Apple masu furosesa M1 da ƙannenta, da suka fara fitowa a 2020, gininsu daban ne, XP ba ta tafiya a kansu sai ta hanyar kwaikwayo mai nauyin jiki.

Sannan baƙuwa ba ta sabunta doka. Ƙasashen OHADA 17, ciki har da Kodebuwa da Nijar da Benin da Togo, sun koma sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA tun 1 ga Janairun 2018. Manhajar da aka yi kafin nan za ta buɗe, za ta yi jimla daidai, amma jerin asusunta na tsohon tsari ne. Mai kai takardu ofishin haraji ya zauna da akawunsa su duba.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma baƙo raɓa ne. Ka yi amfani da lokacin da baƙuwar ta ba ka wajen fitar da bayananka zuwa Excel ko PDF, sunayen masu bashi da farko, kana neman sabuwar manhajar da za ta karɓe su a hankali. Masu Windows 10 ma su fara shiri, domin tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Mai tambaya ya aiko mana da sunan manhajarsa, da Windows ɗin da take kai, da irin kafar da injinsa ke amfani da ita, domin da waɗannan ukun ne ake gane ko za ta sauka lafiya.