Idan ɗan sanda ya yi kisa, wa ke biyan diyya?

A daren 7 ga Yunin 2005 'yan sanda suka buɗe wa wata mota wuta a titin Gimbiya da ke Garki, Abuja. Mutum shida ne a ciki: matasa biyar masu sayar da kayan gyaran mota a Apo, da wata budurwa. Huɗu suka mutu nan take, sauran biyun kuwa daga baya aka ƙarasa su. Aka ce 'yan fashi ne, aka yi maza aka binne.

Da 'yan kasuwar Apo ba su tayar da ƙura ba, da maganar ta bi ruwa. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, aka tono gawarwakin, aka wanke mamatan. Gwamnatin tarayya ta nemi gafara, ta ba kowane gida naira miliyan 3. Shari'ar jami'an kuwa ta yi ta jan ƙafa har 2017, inda aka yanke wa biyu hukuncin kisa, aka sallami uku.

Kuɗin daga baitulmali suka fito, ba daga aljihun wanda ya yi harbin ba, kuma hakan ne daidai: kakin na gwamnati ne, bindigar ma tata ce. Sashe na 33 na tsarin mulki ya kare ran kowa, ƙa'idojin kotu na 2009 kuma sun ba dangi damar shigar da ƙara a madadin nasu. Misali, iyalan Baba Fugu, wanda ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri a 2009 bai fito da rai ba, sun samu hukuncin naira miliyan 100 a 2010. Sai a 2012 gwamnatin Borno ta biya.

Su ma sun yi sa'a. Yawancin iyalai takardar hukunci suke riƙewa shekara da shekaru, saboda wata tsohuwar doka, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya yarda. Shi kuwa sau da yawa yana cikin waɗanda aka kai ƙara, kuma lauyoyin ofishinsa ne suka tsaya wa gwamnati a gaban alƙali.