Lambobin banki: yadda kuɗi ke gane hanyarsu

A ƙaramar hukumar Ollelewa da sauran yankunan Damargu, iyalai da yawa suna samun taimako daga ƴan uwansu da ke ci-rani. Ƙungiyoyin manoma da na mata kuma suna buɗe asusu a banki domin karɓar tallafi. Kuɗin da aka aiko ta banki ba su bin sunan mutum kaɗai, lambobi suke bi. Idan lamba ɗaya ta kuskure, kuɗi na iya jinkiri ko su koma inda suka fito.

Mene ne RIB?

RIB takarda ce da banki ke bai wa mai asusu. A Nijar da sauran ƙasashe 7 na ƙungiyar UEMOA, tana ɗauke da haruffa da lambobi 24, kashi huɗu:

1. Lambar banki: guda 5. A Nijar tana farawa da NE.
2. Lambar reshe: guda 5. Ita ce ke nuna reshen da aka buɗe asusun, ko na Damagaram ne ko na Yamai.
3. Lambar asusu: guda 12.
4. Makulli: guda 2. Ana lissafa shi daga sauran lambobin, kuma da shi na'ura ke gane kuskure.

Bankuna suna musayar kuɗi a tsakaninsu ta hanyar babban banki BCEAO, wanda ya ƙaddamar da tsarin STAR-UEMOA a 2004. Na'urorinsa waɗannan lambobi suke karantawa.

Kuɗi daga ƙasashen waje

Mai aikowa daga wajen UEMOA yana buƙatar ƙarin lamba mai suna SWIFT ko BIC. Tana da haruffa da lambobi 8 ko 11. Na biyar da na shida su ne alamar ƙasa. A kula sosai: NE Nijar ce, NG kuwa Nijeriya.

Shawarwari

Ku nemi RIB ɗinku a reshen da kuka buɗe asusu. Kada ku faɗi lambobin da ka a waya. Ku aika hoton takardar. Idan kun kwafa da hannu, ku ƙirga su cika 24, wani kuma ya sake dubawa. Sunan da za a rubuta ya yi daidai da na takardar.

Lambar sirri ta katin banki daban take. Ba a bai wa kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne. Rigakafi ya fi magani.