Kafin ka sayi injin esfireso, duba abin da zai niƙa maka kofin

Wanda ya yi niyyar fara haɗa esfireso a gida, a kan inji yake fara zuba ido. Ya ga mai ƙyalli, mai agogo a goshi, sai ya juye kuɗinsa gaba ɗaya a kansa, ya haɗa da ledar garin kofi ɗaya a kanti, ya nufi gida. Ya kunna, ya tara kofi, abin da zai zubo ɗayan biyu ne: ko tsararo mai tsami da ya gama zuba kafin a ƙifta ido, ko kuma baƙin ruwa mai ɗaci da ke ɗiga da ƙyar. Daga nan sai a ɗora wa inji laifi, a tura shi saman kabad ya yi ta shan ƙura. Alhali sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Wurin niƙa aka yi sake.

Esfireso ba irin ƙwayar kofi ba ne, hanyar dafawa ce. Ana tura ruwan zafi, mai zafin digiri 90 zuwa 96, da ƙarfin tsiya ta cikin garin kofi da aka danne a wani ɗan kwandon ƙarfe mai ƙananan huji. Ma'aunin da masu koyo suka fi farawa da shi a yau shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na abin sha cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Abin ɗan kaɗan ne, kurɓa biyu ko uku, amma mai kauri, da kumfa ja-ja a samansa.

A Italiya aka haife shi. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa kofi da tururi a birnin Turin a 1884, Luigi Bezzera ya gyara fasalin a Milan a 1901, Desiderio Pavoni kuma ya saye haƙƙin ya shiga ƙerawa. Sai dai waɗancan injinan matsinsu bai wuce bar 2 ba, kofinsu kuma yana da ɗanɗanon ƙuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Achille Gaggia ya fito da inji mai sandar ja da hannu, wanda ya kai matsin wajen bar 8 zuwa 10, kumfar nan da ake yabo ta bayyana. A 1961 kamfanin Faema ya sa famfon lantarki a injinsa E61, ya tsayar da matsi a bar 9. Har gobe a kan wannan lamba ake tafiya.

To, a nan maganar niƙa ta shigo. Bar 9 a kan kwando mai faɗin milimita 58 daidai yake da nauyin kusan kilo 240. Babu abin da ke tare wannan ƙarfi sai garin kofin kansa. Idan garin ya yi tsaki, ruwa zai ratsa a guje, ya kwaso tsami kawai ya bar zaƙin a baya. Idan ya yi laushi fiye da kima, ruwan zai maƙale, ya nemi inda ya fi rauni ya ɓula hanya, ya wanke gefe ɗaya har ya yi ɗaci, ɗaya gefen kuma ko jiƙa sosai bai yi ba. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, yatsa ma da ƙyar. Wani bincike da Christopher Hendon na Jami'ar Oregon da Jamie Foster na Jami'ar Portsmouth suka yi tare da abokan aikinsu, wanda mujallar Matter ta buga a 2020, ya nuna cewa ƙara laushin gari yana ƙara abin da ruwa ke tatsowa ne zuwa wani mataki kawai. Daga nan sai kwandon ya fara toshewa, abin da ake samu ya ragu, kuma kofin yau ya bambanta da na gobe.

Saboda haka ɗan injin nan mai wuƙa da ke juyawa kamar bilenda, wanda ake niƙa kayan yaji da shi, a manta da shi. Sara yake yi, ba niƙa ba. Abin da yake bayarwa kamar daka ne a turmi kafin a tankaɗe: ga tsaki, ga gari, duk a haɗe. Abin da ake buƙata shi ne injin niƙa mai haƙoran ƙarfe biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, wanda ake matso da su ko a nisanta su da juna. Wasu haƙoran masu tsini ne kamar mazurari, wasu shimfiɗaɗɗu kamar faifai, masana kuma suna ta muhawara a kan wanne ya fi. Mai koyo ya bar musu muhawararsu. Abin da ya shafe shi shi ne ko injin yana da ƙananan matakan gyara a ɓangaren laushi. Akwai injinan niƙa masu kyau da aka yi don kofin tacewa, waɗanda daga mataki ɗaya zuwa na gaba za ka tashi daga daƙiƙa 15 ka faɗa 45, babu tsakiya. Irin wannan zai sa mutum ya yi ta zargin hannunsa a banza.

Daga cikin na lantarki da aka saba ba masu farawa shawara akwai Baratza Encore ESP, wanda kuɗinsa ke wajen dala 200, da jerin Eureka Mignon na Italiya da suka ɗara shi tsada. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, na hannu irin na 1Zpresso ko Kingrinder suna niƙa da kyau a kan kuɗi kaɗan, in dai an zaɓi samfurin da aka yi don esfireso. Ladansu shi ne ba ruwansu da wuta. Wahalarsu kuma ita ce murɗa hannu na kusan minti ɗaya a kan kowane kofi. Ga mutum ɗaya da safe ba komai ba ne. Ranar da baƙi huɗu suka zo, kafaɗa za ta ba da labari.

Sai a dawo kan injin dafawar. A jikin kwalayen masu araha za ka ga an rubuta bar 15 ko bar 20 da manyan baƙaƙe, kai ka ce yawan lambar shi ne inganci. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan lamba iyakar ƙarfin famfon ce, ba abin da kofi ke so ba. Matsin da ya wuce kima danne garin yake ƙara yi, ya sa ruwa ya ɓula hanya. Shi ya sa masu Gaggia Classic da yawa suke buɗe injin su canja wani ɗan sifirin don su sauko da matsin zuwa 9.

Akwai wata dabara kuma da ya kamata mai saye ya sani. Yawancin ƙananan injina suna zuwa da kwando mai bango biyu. Ka juya shi ka duba gindinsa: huji ɗaya tak za ka gani, ƙarami kamar bakin allura, maimakon ɗaruruwan huji. Wannan hujin ne ke tare ruwa a madadin garin, ya fesa kofin ya yi kumfa ko da garin ya kwana wata uku a leda. Ba abin kunya ba ne a fara da shi, yana rufa asiri. Amma kumfarsa ta iska ce, ɗanɗanon kuma ba ya wuce wani matsayi komai ƙoƙarinka. Don haka a tabbata injin da za a saya yana karɓar kwando mai bango ɗaya. A duba faɗinsa ma: De'Longhi Dedica milimita 51 ne, ƙananan Breville 54, Gaggia Classic da Rancilio Silvia kuma 58, wato faɗin da injinan shaguna ke amfani da shi, wanda kayan gyaransa da madanninsa suka fi sauƙin samu.

Abin da ya fi raba injina a zahiri shi ne yadda suke dafa ruwa. Wasu suna da ƙaramar tukunya a ciki, kamar Gaggia Classic da aka fara sayarwa a 1991 da Rancilio Silvia ta 1997. Waɗannan galibin jikinsu ƙarfe ne, suna daɗewa, ana kwance su a gyara, amma suna son a ba su minti 10 zuwa 15 su ɗumama, kuma zafinsu yana hawa yana sauka sai mutum ya koyi lokacin da zai danna. Wasu kuma, kamar Breville Bambino, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila da sauran Turai, ruwan yana bi ta wani siririn bututu mai zafi ne, cikin daƙiƙu sun shirya, kuma na'urar lantarki ce ke riƙe zafin. Sun fi sauƙin koyo, sai dai roba ta yi yawa a cikinsu, gyaransu kuma ba kowane makaniki ba. A ganina, wanda yake son ya sha kofi ya fita aiki ya ɗauki na biyun. Wanda yake jin daɗin kwance abu da sukudireba ya ɗauki na farkon.

Tambayar madara ita ma tana yanke hukunci. Mai shan kofinsa baƙi bai da buƙatar biyan kuɗin tururi mai ƙarfi. Mai son kafucino ko late kuwa dole ya duba bututun tururin, domin inji mai tukunya ɗaya ba ya dafa kofi da tururi a lokaci guda: sai ka gama wannan, ka jira zafi ya hau, sannan ka kaɗa madarar. Masu tukunya biyu sun warware wannan, amma kuɗinsu ya ninka sau uku ko fiye, ba na mai farawa ba ne.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi yana da ƙarin lissafin da Baturen da ya rubuta littafin injin bai yi ba. Na farko, wuta. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, namu kuwa 220 zuwa 230. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da shi daga can ya jona kai tsaye, ya ƙone shi ke nan. A nemi na kasuwar Turai ko Ingila. Sannan waɗannan injina suna jan wat 1,200 zuwa 1,600, nauyin da ƙaramin janareta ko inbata na gida ba lallai ya ɗauka ba. Wannan ne ya sa injinan hannu irin Flair da Cafelat Robot suka cancanci a dube su da kyau: ka tafasa ruwa a buta, ka zuba, ka danna sanda da ƙarfinka, su kai bar 9 ba tare da waya ko ɗaya ba. Ba sa kaɗa madara, amma kofinsu ba ya jin kunyar na inji mai tsada, kuma babu abin da zai lalace a cikinsu sai zoben roba.

Na biyu, ruwa. Ka leƙa gindin butar da kake tafasa ruwa: idan ka ga farin ɓawo ya daskare, to abin da zai taru a cikin bututun injin ke nan har ya toshe shi. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana da wannan hali. A yi amfani da tataccen ruwa mai sauƙin ma'adini, a kuma riƙa wanke cikin injin da maganin da aka yi don haka. Lokacin hunturu kuma, idan iska ta bushe, za ka ga garin kofi yana manne wa jikin injin niƙa yana tashi ko'ina a kan tebur. Ka jiƙa bakin cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da shi kafin niƙa, sai ya kwanta.

Akwai ƙananan kaya biyu da ba a tallarsu, alhali in babu su lalube ake yi a duhu: sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, da madanni da ya cika bakin kwandon daidai. Madannin robar da ke zuwa a cikin kwali yawanci bai cika ba. Wajen dannawa kuma ba ƙarfi ake nema ba, a baje garin ya kwanta daidai, a danna a miƙe ba a karkace ba. Idan kofin ya zubo da sauri ya yi tsami, a ƙara laushi. Idan ya ɗiga da ƙyar ya yi ɗaci, a rage. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Ledar farko kusan rabinta a gwaji za ta tafi, a sa wannan a lissafi tun farko.

Ita ƙwayar, a nemi wadda aka rubuta ranar da aka soya ta, ba ranar lalacewa kaɗai ba. Tana fi daɗi daga kamar mako ɗaya bayan suya zuwa 'yan makonni, a niƙa kuma daidai wanda za a sha, domin ƙamshin gari cikin mintuna yake fara gudu. Matsakaiciyar suya ko mai ɗan duhu ta fi yi wa mai koyo sauƙi. Ba dole sai ta Habasha ko Brazil ba. Ana noman arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, kuma wadda aka soya kusa da kai makon jiya ta fi wadda ta shekara a kwantena.

Ba kowa ne ma yake buƙatar wannan hidima ba. Wanda abin da yake so shi ne kofi mai ƙarfi da zai zuba wa madara da sukari, tukunyar moka da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933 ta ishe shi: a kan risho ko gas ake ɗora ta, kuɗinta kaɗan, ko da yake matsinta bai wuce bar 2 ba, don haka ba esfireso take bayarwa ba. Injinan Nespresso masu ƙwanso kuma ba su da wahala ko kaɗan, sai dai sayen ƙwanson ba ya ƙarewa, kuma abin da kamfani ya zuba shi za ka sha.

Amma in har esfireso na gaske kake so, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka, ko ma rabi, don injin niƙa, ka fara sayensa, sannan abin da ya rage ka nemi injin dafawa mai karɓar kwando mai bango ɗaya, wanda ya dace da wutar gidanka. Idan kuɗin bai kai na biyun ba a yanzu, ka sayi injin niƙan da tukunyar moka ka fara da su, injin ya biyo baya.