Harbin 'Yan Fashi: Darasin Da Aka Bari A Bakin Teku

Duk lokacin da masu garkuwa da mutane suka tare hanya, ko suka auka wa wani ƙauye, sai ka ji jama'a suna cewa a koma wa hukuncin da, watau a ɗaure mai laifi a turke a harbe shi a bainar jama'a. Wanda aka kashe wa ɗa ba za a ga laifinsa ba in ya faɗi haka. Amma ya kamata mu tuna cewa ƙasar nan ta riga ta bi wannan hanya, ta kuma ga inda ta ɓulle.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, bindigogi suka bazu a hannun mutane, fashi ya yawaita. Sai Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar fashi da makami a wannan shekara, ta naɗa kotuna na musamman, ta yanke cewa hukuncin mai fashi kisa ne. A watan Satumba na 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko, a gaban dubban 'yan kallo. Mutane suka watse suna tsammanin an yi maganin abin. Ina! A 1984 sai da Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake kafa irin wannan doka, domin fashin bai ragu ba.

Shekara biyu bayan haka Lawrence Anini ya addabi birnin Benin, a tsohuwar Jihar Bendel, yana fasa bankuna, yana kashe 'yan sanda, har Janar Ibrahim Babangida ya tambayi Sufeto-Janar Etim Inyang inda mutumin yake. Da aka kama shi a watan Disamba na 1986, sai asiri ya tonu. Ashe wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, shi ke taimakon ƙungiyar da makamai da labarin sirri. Kotu ta same su da laifi, aka harbe su a 1987. Hausawa sun ce in bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Abin lura a nan shi ne, ɓarawo ba ya auna tsananin hukunci kafin ya fita. Abin da yake aunawa shi ne ko za a kama shi, in kuwa an kama shi, ko kuɗi za su fid da shi. Muddin ya tabbata yana da ɗan'uwa a caji ofis, to, ko kullum ake harbi ba zai fasa ba.

Jihohi da dama sun riga sun sa hukuncin kisa a kan garkuwa da mutane, duk da haka aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a watan Maris na 2022. A gidajen yari kuwa, fiye da rabin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta fara gyara daga tushe. A biya ɗan sanda albashin da zai riƙe iyalinsa, a koya masa bincike, a hukunta wanda ya ci amana komai girman muƙaminsa, a kuma gaggauta shari'a. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin haka, amin.