Faifan Birki Ya Karkace: Wa Zai Biya?

Alamar ba ta ɓuya. Mai babur ya matse birkin gaba a hankali, sai ya ji hannun birkin yana bugawa a yatsunsa kamar jijiya, kan babur na karkarwa. Ya garzaya wurin dila da takardar garanti, sai a nuna masa wani layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: faifan birki da takalmansa kaya ne masu cinyewa, irin su taya da bel, kamfani ba ya biyansu. Gaskiya ne faifai yana ci. Amma cinyewa daban, karkacewa daban, kuma haɗe su a magana ɗaya wayo ne da ke amfanar mai sayarwa.

Raba gardamar ba ta bukatar rantsuwa, awo take bukata. Faifan ƙaramin babur irin Vespa, wanda kamfanin Piaggio na Italiya ke ƙerawa tun 1946, kaurinsa bai fi milimita 4 ko kusa da haka ba, kuma galibi an buga iyakar siririntarsa a jikinsa. Idan bakanike ya auna ya ga ya kai wannan iyaka bayan doguwar tafiya, to mai babur ya ci moriyarsa, sai ya sa hannu a aljihu. Idan kuwa kaurin na nan cif, amma da aka ɗora agogon awo aka juya ƙafar gaba allurar tana rawa, to a binciki yadda aka haɗa shi. Tsatsa ko datti tsakanin faifai da mazauninsa, ko noti da aka ɗaure ba daidai ba, sun isa su sa ya zauna a jirge. Takalman sai su riƙa gugar gefe ɗaya, har kauri ya bambanta. Wannan aikin masana'anta ne ko na dila.

Dilolin ma suna da abin cewa, kuma ba shirme ba ne. Irin wannan babur na zamani galibi ba a sa masa giya da hannu, don haka injinsa ba ya riƙe shi sosai a gangare, nauyin duk yana komawa kan birki. Ga ƙafar ƙarama, inci 10 zuwa 12, faifan ma dole ƙarami, yana saurin ɗaukar zafi. Wanda ya saba tafiya da yatsa a kan birki yana iya ƙona faifansa. Sai dai ƙuna tana barin shaida: ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, fuskar takalman ta yi santsi tana sheƙi. In babu wannan, zargi ne kawai. Kuma babur da aka ƙera don cunkoson gari, ai taka birki akai-akai shi ne aikinsa, ba laifi ba.

Tarayyar Turai ta fahimci cewa mai saye ba shi da agogon awo a gida. Dokarta ta ba shi kariyar aƙalla shekara 2 a kan mai sayarwa, ko me takardar kamfani ta ce. Tun daga Janairun 2022, duk aibin da ya bayyana cikin shekarar farko ana ɗaukarsa da shi aka sayo kayan, sai fa idan mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. A da, wata 6 ne kacal.