Kai Yaro Ɗakin Kwanan Jami'a: A Hannun Wa Muke Barinsa?

Duk shekara idan lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zagayo, wanda ya bi titin da ya taso daga Gidan Murtala ya bi jikin badala, ya wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo har zuwa Kabuga, zai ga Adaidaita Sahu shaƙe da katifu da bokitai da buhunan abinci, ga uba a gaba, ga uwa da ɗiya a baya sun riƙe kaya. A cikin waɗannan iyaye akwai namu na ikilisiya. Waɗansu daga Sabon Gari da Badawa suke fitowa, waɗansu daga ƙauyukan Sumaila da Rano da Tudun Wada da Rogo, waɗansu kuma daga Malumfashi da Kafur da Wusasa. Da yawansu wannan ne karo na fari da wani daga gidansu ya taka jami'a.

Mu da muke hidima a ikilisiya, iyayen nan sukan zo mana neman addu'a kafin tafiya, idan sun dawo kuma su ba mu labari. Daga abin da muke ji ne muka ga ya kamata mu tattauna da masu karatu, domin mun lura ana shan wahala ƙwarai wajen haɗa kuɗi da kaya, amma tambaya guda takan sha ruwa, wato wa zai san halin da yaron yake ciki bayan iyaye sun juya baya?

Makarantar da ke jikin ganuwa

Tushen Jami'ar Bayero a cikin birni yake. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar makarantar koyon Larabci da aka fi sani da SAS. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sake wa kwalejin suna ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero. Ta yi ɗan zama a tsohon otal na filin jirgin sama, sa'an nan ta tare a mazauninta na kusa da Ƙofar Dukawuya da Kabuga, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1977. Wannan shi ake kira tsohuwar jami'a. Sabuwar kuwa tana can gaba da Rijiyar Zaki a kan hanyar Gwarzo, masu karatun likita kuma daga baya sukan koma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Mun kawo wannan ne domin amfanin iyaye. Ba sau ɗaya ba, an sha sauke kaya a wannan harabar alhali kuwa ɗakin da aka ba yaro yana waccan, sai an sake biyan kuɗin mota. Matambayi ba ya ɓata. Kafin a ɗaura katifa, a tabbatar da sunan ginin da harabar da yake.

Neman gado

Iyayenmu da suka yi jami'a a da sukan ba da labarin zamanin da ɗalibi yake karɓar tikiti ya je ɗakin cin abinci, a kuma wanke masa zanen gado. Ƙarin kuɗin abinci da na kwana ne ya jawo babbar zanga-zangar ɗalibai ta 1978, a 1984 kuma gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwa a jami'o'in tarayya. Tun daga nan tukunya ta koma hannun ɗalibi, nauyinta kuma ya koma wuyan iyaye.

Yau a kusan dukan jami'o'in gwamnati ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Samun gurbin karatu daban, samun gado daban. Ta intanet ake nema, a biya ta banki, a buga takardar shaida, wanda ya makara kuwa ya rasa. Uban da ke ƙauyen da babu sabis mai ƙarfi yakan aika yaro gari ya kwana biyu a shagon masu kwamfuta yana jira. A nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa. Wani ya ce yana da hanya, a tura masa kuɗi ta waya, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Wani ɗalibi kuma ya sayar da gadonsa da ninkin kuɗi, alhali dokar makaranta ta hana, idan aka kama kuwa mai saye da mai sayarwa duk su kwana a ciki. Haka nan raɓewa a ɗakin aboki: yaro yana kwana, amma sunansa ba ya cikin kowane littafi, ran da wani abu ya faru ba wanda zai ce ya san da shi.

Wanda bai samu ba sai ya kama haya a Danbare ko Rimin Gata ko Ɗorayi ko Janbulo. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ga kuɗin mota kullum. Iyaye ba su manta da 2022 ba, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna na kulle, haya tana tafiya, da aka dawo kuma masu gida suka nemi sabon biya.

Kaya da rabuwa

A wajen haɗa kaya, a gaida iyaye mata. Tun da sauran makonni ake shanya kuɓewa, a daka kuka da yaji, a tanadi daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da garin kwaki. A shiga Kantin Kwari a yanko zanen gado, a leƙa kasuwar Rimi ko ta Sabon Gari a sayo bokiti da tukwane da kwaɗo da gidan sauro da fitila mai caji. Manomi yakan sayar da buhun masara ko akuya biyu. 'Yan Zumuntar Mata sukan haɗa sabulu da omo su kawo gudummawa. Sai dai a tuna ɗakin na mutum da yawa ne, abin da yaro zai mallaka bai wuce gado ɗaya da ƙaramin kabad ba. A kuma tambayi irin abin girkin da aka yarda da shi, domin akwai wuraren da ake ƙwace na lantarki saboda gudun gobara.

Abin da iyaye suka fi ba mu labarinsa shi ne sa'ar rabuwa. Idan ɗiya mace ce, uba a bakin ƙofa yake tsayawa, gama ba a barin maza su shiga ɗakunan mata. Uwa ce take shiga, ta share, ta shimfiɗa katifa, ta gaisa da 'yan ɗaki, ta leƙa banɗaki da wurin ɗiban ruwa. Shi kuwa yana zaune a inuwa yana ta nanata wa kansa nasihar da zai yi, amma da ɗiyar ta fito sai maganar ta tsaya a kan ta kula da kanta, ta kuma riƙe karatu. Wata uwa daga ƙauye ta gaya mana cewa sai da ta yi mako tana zuba tuwo a kwanon ɗiyarta kafin ta tuna ba ta nan. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, kewa ce, kowace uwa kuma ta san ta.

Abin da ke cikin zuciya

Ba za mu ɓoye ba, akwai tsoron da iyaye Kirista suke ɗauke da shi. Ran Lahadi 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga sun auka wa masu sujada a ɗakunan lacca na tsohuwar jami'a, aka rasa rayuka fiye da 10, har da farfesoshi biyu. A Satumba 2014 an kai wa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke kusa da nan hari, wanda ya ci Musulmi da Kirista. A Mayu 2022 kuma aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin saƙon da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu, abin da Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da shi.

Duk da haka dubban yaranmu sun yi karatu a Kano sun gama lafiya, da yawa kuma za su shaida cewa abokin ɗaki Musulmi ne ya yi jinyarsu da zazzaɓi ya kama su, ko ya raba abincin buɗa-baki da su. Abin da ya rataya a wuyanmu shi ne mu shirya yaro. Ya san bangaskiyarsa, kada ya ji kunyarta. Ya girmama mai salla, kada ya ƙetara gabansa ko ya ƙure waƙa. Ya kiyaye bakinsa da yatsansa, ya guji gardamar addini a ɗaki da a waya. Ya kuma duba da wa yake tafiya, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ƙwaya da ƙungiyar asiri kuwa ba su tambayar addinin mutum.

Baƙo da mai masauki

Birnin Kano kansa yana da darasi a gare mu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi, fatake suke zuwa daga ko'ina, sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Agadasawa suna shaida. Falke ba ya sauka haka kawai. Yana da fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan magana ta taso. Maƙwabtanmu Musulmi ma idan sun kawo yaro karatun allo, hannu da hannu suke danƙa shi ga malam, yaron kuma yakan sami uwar ɗaki a unguwa. A Littafi Mai Tsarki haka Hannatu ta yi da ta kai Sama'ila Shilo. Ta miƙa shi ga Eli, kowace shekara kuma tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Wurin ba tsarkakan mutane kaɗai ke cikinsa ba, 'ya'yan Eli ma lalatattu ne, amma yaron yana da hannun da aka sa shi, uwarsa kuma ba ta ɗauke ƙafa ba.

Mu kuwa yau sai mu sauke yaro ɗan shekara 17 a birnin da bai san kowa ba, mu ce ai akwai waya. Waya ba ta ganin rama. Yaro zai ce lafiya lau alhali ya kwana uku yana shan gari, ko ya daina shiga aji.

Saboda haka muna roƙon iyaye, kafin ku bar Kano ran nan, ku yi abu uku. Na ɗaya, ku nemi gidan wani amintacce, ɗan'uwa ko ɗan garinku ko dattijon ikilisiya, ku kai yaron da ƙafarku ya ga ƙofar gidan. Na biyu, ku karɓo wasiƙa daga fasto ko katikis na gida, ku haɗa shi da masu sujada a makarantar da shugabannin zumuntar ɗalibai, irin su FCS wadda aka fara a Gindiri a 1957, ko ƙungiyar ɗalibai Katolika. Na uku, ku karɓi lambar abokin ɗakinsa ko da wane addini yake bi, ku nuna masa asibitin makaranta da ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Ku kuma ikilisiyoyin cikin gari, nauyi yana kanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace majami'a tana iya buɗe littafi ta rubuta sunayen ɗaliban da suka zo daga nesa, ta raba su ga iyalai. Ba a ce ku biya kuɗin makaranta ba. Tuwon Lahadi sau ɗaya a wata, da leƙawa idan an ji shiru, da ɗakin da yaro zai kwana idan an rufe makaranta ba zato, sun isa su ceci karatun wani, wani lokaci ma har da ransa. Ɗa na kowa ne, naku ma wata rana zai zama baƙo a Jos ko Maiduguri.

Ubangiji ya kiyaye mana yaranmu a fitarsu da shigarsu, ya kuma ba iyaye ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Amin.